AC Ukun da Aka Kawo Daga Agadas

Ban taɓa mantawa da ranar da na mayar da falon Alhaji Bukari fadama ba, kuma gara ku ji daga bakina kafin maƙiya su ƙara gishiri. Ni Sani, da kuke ce wa Baba Sanyi, bokona aji uku ne, shi ma rabinsa a gindin mangwaro na yi shi. A Sakkwato na koyi aikin AC, na yi shekaru ina yinsa har Birnin Ƙonni. Na sauko Legas a 1999, shekarar da soja suka koma bariki, da furfurata da jakar kayan aikina.

Alhaji Bukari dillalin shanu ne a Agege, mutumin Agadas. In ya yarda da kai, duk zango ya yarda; in ya juya maka baya, sai ka nemi kuɗin motar gida. Shi ya riƙe ni, AC huɗu na gidansa suna hannuna. Da daminar 2000 ya sayo wani babba na taga, tokunbo, wato na hannu daga ƙasar waje, ya ce in kafa masa a falo.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. AC yana tsotse laimar ɗaki ne, ta zama ruwa ta taru a ƙasansa. A wajenmu iska busasshiya ce, abin da zai tara bai kai ya ɗiga ba ya bushe, shi ya sa muke ajiye shi daidai wa daida. A Legas dole a karkata shi waje, a sa masa tiyo. Na gidan Alhaji duk a karkace na same su, ni kuwa a raina cewa nake masu aikin Legas ba su iya awo ba. Na kafa nawa cas, har ina ja da baya ina yaba kaina.

Ranar Asabar aka kunna shi tun safe, aka rufe falon saboda baƙin da za su zo da la'asar. Babban baƙon ya cire takalmi, ya taka sabon kafet da safarsa, ya ji caɓal.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam Sani, kilim na ce ka kafa mini, ba rijiya ba." Su mutanen Nijar kilim suke ce wa AC. Washegari ya ɗauko Injiniya Kabiru, haifaffen Ebute Metta a nan Legas, mai takardar shaida da mita a rataye a wuya. Kafin mako ya zagayo, mutum uku cikin masu ba ni aiki sun aiko mini cewa kada in wahalar da kaina, sun sami mai duba musu.

Mai laifi ba ya gajiya da gaisuwa, don haka kullum da hantsi ina ƙofar gidan. Wata Talata na tarar da AC uku a tsakar gida, motar shanu ta sauko da su daga gidan mahaifiyar Alhaji a Agadas. Tsohuwa ce, zafi na wahalar da ita, kuma duka ukun sun daina aiki. Injiniya ya kunna su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya yi kamar minti goma, ya yi gurnani, ya ɗauke. Ya duba mitarsa ya girgiza kai.

"Oga, kwamfresa ce. Duka ukun sun tafi, sai dai canji."

A aikinmu kuɗi hawa-hawa ne. Wanki shi ne mafi arha, ruwa da sabulu da ladan hannu. Sai kafasita, ɗan gwangwanin da ke tayar da inji. Sai gas. Can sama kuma kwamfresa, zuciyar AC, wadda a lokacin canjinta ya kusa kuɗin wani tokunbon. Uku kuwa ko dillalin shanu sai ya gyara zama.

Na matsa na leƙa bayan ɗaya. Ƙarafan nan sirara masu kama da haƙoran mataji, inda zafi ke fita, fes suke kamar an lashe. Nan na gano bakin zaren. Na ce, "Alhaji, a gidan Hajiya akwai mai watsa musu ruwa ta baya da rana?"

Ya dube ni ta wutsiyar ido. "Kullum. Kowa haka yake yi can, in rana ta take."

Na ciro tocilata na haska ta ciki, na ce Injiniya ya duba ta waje ko zai ga haske. Ko ɗigo bai gani ba. Na ce, "Lafiyarsu lau. Numfashi ne ba su da shi. Wanka suke so."

Injiniya ya yi dariya. "Baba, ka gama da kafet, yanzu kuma wankan gawa za ka koma?"

"Ɗana, in gawa ce, ai ka ga na yi mata sutura kyauta."

Alhaji ya shiga jan carbi. Can ya ce, "Ɗauki ɗaya. Zuwa la'asar. In bai tashi ba, gaisuwa kawai za ta riƙa kawo ka gidan nan."

Abin da Injiniya bai sani ba, don bai taɓa zama inda rairayi ke shiga tuwo ba, shi ne wannan. Dattin Legas maiƙo ne da tsatsa, a fili yake, ido na gani. Na hamada gari ne mai laushi, yana kutsawa can tsakiyar ƙarafan. Idan aka watsa ruwa, na waje ya wanke, na ciki ya zama laka, zafin inji ya gasa ta. Yau da gobe sai ta koma tubali. Zafi ya rasa hanyar fita, kwamfresa ta ɗauke don ta ceci kanta, mita kuma ta nuna kamar ta gaji.

Na zare AC ɗin daga akwatinsa, na ɗaure injin fanka da wayoyi da leda. Na jiƙa ƙarafan da ruwan sabulu na bar su su sha, sannan na bi su da tiyo daga ciki zuwa waje, da buroshi mai laushi, ina bin tsawonsu don kada su lanƙwashe. Jan ruwa ya fara gangarowa kamar ana wanke tukunyar ƙasa. Sau biyar ina maimaitawa kafin ya fito fari. Na shanya shi a rana, na ɗiga wa fanka mai, na je na yi azahar, na daɗe a sujada fiye da yadda na saba.

Da la'asar aka tayar da janareta na kunna. Minti goma ya wuce, Injiniya na duban agogo. Ashirin. Awa guda. Alhaji ya miƙa hannu gaban iskar, ya janye, ya sake miƙawa. Injiniya ya maƙala mitarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya cire ta ya ce, "Baba, ka ci. Gobe zan zo ka nuna mini a kan sauran biyun." Yaron kirki ne, har yau muna zumunci. Na biyu wanki kawai ya ci, na uku aka ƙara masa kafasita. Abin da Alhaji ya kashe duka bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Kafin Juma'a mutanen nan uku sun sake aikowa, wai dama ba su fahimci juna da ɗan aiken ba.

Abin da na koya, ku riƙe: kafin ka taɓa AC, tambayi garin da ya zauna. Inji ɗaya ne, amma ciwonsa na ƙasar da yake ne, kuma mai takarda da marar takarda kowa jahili ne a garin wani.

Ranar da za a mayar da su, daɗi ya kwashe ni, na tsaya gaban Alhaji da Injiniya ina jero wa direban motar shanun saƙo kamar mai wa'azi. A wanke ragar gaba duk Juma'a. A yi babban wanki kafin bazara da bayanta. A yi wa bayansu rumfa, a daina watsa ruwa. "Kuma kada wani ya cuce su da zancen gas," na ce, har ina ɗaga yatsa. "Gas ba ya ƙarewa sai in akwai yoyo."

Alhaji ya tsayar da carbinsa. "To Malam Sani, wanda kake ƙara wa na ɗakina duk wata uku, shi ina yake zuwa?"