Lambun da Yaya Rabi ta cinna wa wuta

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rabi, Allah Ya jiƙanta da rahama. Waɗanda suka yi aiki da ita a ofishin safiyo suna tuna ta da tsauri, wai ba ta sa hannu a takardar da ba ta karanta ba. 'Ya'yanta suna tuna faɗanta da miyar taushenta. Ni kuwa, ƙanenta da ya fi kowa yi mata dariya, da wani ɗan fili nake tuna ta, a bayan masallacin rukunin gidajenmu da ke hanyar Kuje, wanda yau kowa ke ce wa lambun Hajiya.

Aikinta ne ya jawo mata. Ita ake turawa ta auna daji kafin katafila ta shiga. Akwai wani tudu a wajen Gwagwalada da ta auna da farkon damina, ta tarar da shi cike da furanni, fari da ja da ruwan ɗorawa, ba wanda ya shuka su. Da ta ga ranar da za a fara share wurin a takarda, sai ta fara yawo da diga da buhu a bayan mota. Mace mai digiri biyu, durƙushe cikin ciyawa tana tonon albasar kwaɗi da rumana da saiwar rawaya! Na ce mata, "Yaya, in cefane ne ya gagara ki faɗa mana, ba mu rasa ba." Harara kawai na samu.

Shekaru ta yi tana ajiye su a tsofaffin bokitai. Da ta yi ritaya sai ta roƙi kwamitin unguwa ya ba ta filin nan. Shugaban kwamitin, Oga Fidelis, mutumin kirki ne, amma ya riga ya ƙudura cewa wurin ajiye motoci za a yi. Da ƙyar aka shirya: an ba ta damina uku. In fure ya fito, lambu ya zauna. In bai fito ba, a malala siminti. A lokacin an riga an baje tudun da ta tono su, an yi gidaje a kai. Abin da ke cikin bokitanta shi ke nan abin da ya rage, in ya mutu babu inda za ta koma ta ɗebo wani.

Kuskuren da ta yi, kuskuren irinmu ne. A gidajen ma'aikatan gwamnati muka tashi, inda fure ke nufin abin da ake ba ruwa safe da yamma. Saboda haka ta sa aka kawo baƙar ƙasa, ta zuba takin zamani, ta ɗauki mai ruwa yana kawo kura biyu kullum har tsakiyar rani. Daminar farko ganye kawai aka samu, sai ciyawa da ta fi mutum tsawo. Ta ce ruwa ne bai isa ba, ta ƙara. A damina ta biyu rabin wurin bai ko tsiro ba. Ina tsaye ta tono wata albasa, ta narke mata a hannu tana wari. Tun rasuwar mahaifinmu ban ga hawayenta ba sai ranar. Daga nan ban sake tsokanarta ba.

Wata Bafulatana ce ta cece mu, Inna Dudu, mai kawo mana nono daga rugarsu da ke bayan unguwa. Ta sauke ƙwarya a bakin filin, ta daɗe tana kallon mai ruwa yana kwarara jarka, sannan ta ce, "Hajiya, wa ke ba su ruwa a daji?"

Kafin Yaya ta amsa, Inna Dudu ta ɗora da cewa:

"Gata ne ya kashe su. Ki bar su su ji ƙishi. In ciyawa ta bushe ki sa mata wuta, kamar yadda muke yi don sabon tsiro ya fito wa shanu. Rawaya ba ta fure sai ta ji wuta ta wuce ta kanta."

Abin da nake alfahari da shi ya fara daga nan. Yaya Rabi ba mai saurin karɓar gyara ba ce, ku tambayi duk wanda ya zauna ƙarƙashinta. Amma a ranar ta sallami mai ruwa, ta sa aka kwashe baƙar ƙasar, aka mayar da jar ƙasa mai tsakuwa. Wata uku ta zuba wa lambun ido yana bushewa, maƙwabta na wucewa suna yi mata sannu kamar mai jinya. Damina ɗaya ta rage mata, kuma ta ɗora ta kacokan kan maganar matar da ba ta taɓa shiga aji ba.

Ranar ƙunar, da sassafe kafin iska ta tashi, Inna Dudu ta nuna mana yadda ake share gefe-gefe don kada wuta ta tsallaka, ta ba kowa ɗanyen reshe na bugu. Yaya ta ƙyasta ashana. Hayaƙi na tashi sai ga masu gadi da bokitai, Oga Fidelis na bayansu da singileti, yana ɗaga murya da 'yar Hausar da ya iya.

"Hajiya! Kai ka ce fulawa zai fito, yanzu ka sa wuta? Nan Abuja ne fa, ba ƙauye ba!"

Ta tsaya tsakaninsu da wutar, ta buɗe hannuwa, ta ce, "Oga, damina uku kuka ba ni, biyu na ci. Duk wanda ya zuba ruwan nan, ni da shi ne." Ba wanda ya zuba. Cikin ɗan lokaci wutar ta cinye ciyawar ta mutu, aka bar mu da fili baƙi ƙirin. Ni kaina na koma gida ina cewa a raina shi ke nan, siminti ya ci.

Ba a cika wata guda ba ta buga mini waya, ko sallama babu, ta ce in zo. Rawaya ce ta ɓullo daga cikin toka, babu ganye, babu kara, furanni manya kamar tafin hannu kwance a ƙasa, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Da ruwan farko ya zuba albasar kwaɗi ta biyo baya, sannan rumana, can tsakiyar damina gatarin kurege ya hau shinge da jan furensa. Oga Fidelis ya kawo matarsa suka ɗauki hoto. An nema wa motoci wani wuri.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga Abuja ta yau. Na san za ta ja tsaki in ta ga furannin ƙasashen waje jere cikin leda a bakin titi, ana saye ana kai su gidajen da aka gina a kan namu. Za ta yi faɗa da matasan da ke taka mata rumana garin ɗaukar hoto. Amma za ta ji daɗi da ta ga malaman makaranta na kawo ɗalibai su ji sunayen tsirran da kakanninsu suka sani ba tare da an koya musu ba. Za ta kuma yi dariya har da riƙe ciki in ta ji wa ke ƙyasta ashanar yanzu. Ni ne, duk shekara, bayan na sha muhawara da sabon kwamiti.

Su Inna Dudu sun tashi tuntuni, gini ya ci rugar, suka koma wajen Uke. Bara wata mata ta yi sallama a ƙofata, ta ce ita 'yar Dudu ce, tsohuwar ta rasu. Bayan mun yi addu'a sai ta faɗi abin da ya kawo ta, tana jin nauyi. Inda suke yanzu an nome ko'ina, sun yi ta neman rawaya ba su samu ba, kuma kafin uwarta ta cika ta ce mata akwai a wurin Hajiya.

Na ɗauko diga. Muka tono saiwar rawaya da albasa da rumana, muka cika mata buhu, na raka ta har tasha. Yaya Rabi ba ta bar gida mai bene ba, ba a sa wa titi sunanta ba. Amma abin da ta ƙwato daga bakin katafila ya rayu, ya yi yawa, har daji ya aiko birni neman iri. Motar na tashi na tsaya a tashar ina kuka, mutane na kallona, ban kuma ji kunya ba. Allah Ya kai haske kabarinki, Yaya.