Waƙar Kawu da ban ji ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Yalwawa, unguwarmu a Dutse, ni da ƙanwata da wani abokin aikina, za mu Miga dubo Kawu, yayan mahaifiyarmu. Kawu tsohon makaɗin gangar noma ne. Da shari'a ta zo ya rataye gangarsa, ba wanda ya tilasta masa. Da jiki ya tsananta, sai ya aiko yana son ya ƙara jin muryarsa ta da.

Kaset-kaset ɗin waƙoƙinsa suna wurina. Na riga na juye su a kwamfutar gida, na buɗe mata ƙofa a rauta, akwatin da ke raba intanet a gidan, yadda daga ko'ina zan shiga in kunna. Ƙanwata ta ce mu riƙe kaset ko ɗaya da rediyo. Na yi mata dariya, na ce zamani ya wuce nan.

Gero ya fara fid da kai, hagu da dama kore shar. A Jahun muka karya da ƙosai da kunun tsamiya, mai ƙosan tana ta mitar tsadar wake kamar mu muka ƙara kuɗin. Daga nan muka hau motar da sai an tura take tashi, akuya biyu a bayanmu.

Mun sami Kawu a zaure, ya rame ƙwarai. Bayan gaisuwa na buɗe laftof, na soka modem, na danna. Shiru. Na sake, shiru.

"Ɗan nan, waƙar tana ina?" in ji Kawu.

"Tana Dutse, Kawu, yanzu za ta iso."

"To, Allah ya kawo ta lafiya."

Na fita neman sabis har bayan gari, gindin wata tsamiya. Na kira maiɗakina, tana karanto mini lambobi ina gwadawa. Ta kashe rauta ta kunna, ta cire waya ta mayar. Sai la'asar na gane matsalar: an ɗauke wuta bayan fitowarmu, da aka dawo da ita rauta ta sauya wa kwamfutar lamba, ƙofar da na buɗe tana kallon inda ba kowa. Gyaran kuwa sai ina gida.

Na dawo zaure na tarar ƙanwata tana share hawaye. Ashe da Kawu ya gaji da jira, sai ya sa aka miƙo masa ƙwarya, ya kife ta, ya kaɗa da yatsu, ya yi musu waƙar da ya yi wa mahaifiyarmu ranar gayyar gonar kakanmu. Ba ta cikin kowane kaset. Har sau biyu ya tambaya ina nake. Na roƙe shi ya maimaita, ya ce numfashi ya ƙare, sai wani zuwan.

A hanyar dawowa na gwammace a ce wani ya yi mini faɗa. Muna isa gida, cikin minti biyar na ɗaure wa kwamfutar lamba ɗaya, komai ya tashi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini: in ka je dubiya, ka zauna wurin marar lafiya. Shekaranjiya aka bugo cewa Kawu ya daina magana. Ƙanwata ta riƙe baiti biyu, sauran kuwa ta ce kuka ya hana ta ji.