Hajiyar Labaran Ba Ta Sauri

Labaran mutumin wani ƙauye ne a bayan Ringim. Ya shigo Kano yana saurayi, ya samu aiki a wani kamfanin fata a Challawa, a sashen da ake jiƙa fatu cikin sinadari. Ya daɗe a wurin, har ƙirjinsa ya fara ƙara kamar tsohon injin niƙa. Likita ya ce masa ya rabu da warin nan in yana son ya ga auren 'ya'yansa. Ya bar aikin, amma bai bar Challawa ba. Da ɗan abin da aka sallame shi da shi ya sayi laftof ta hannu, baƙa mai nauyi, ya kafa tebur a rumfar mai cajin waya da ke daura da ƙofar kamfanin, ya shiga sana'ar tura wa ma'aikata fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a wayoyinsu. Warin da likita ya hana shi, iska na kawo masa har kan tebur, sai dai yanzu kyauta yake shaƙa, ba mai biyansa.

Duk wanda ya san Labaran ya san ba ya yar da abu. Matarsa Saudat ta fi kowa sani, domin ita ke share gidansu na Panshekara, tana zagaye matattun rediyoyi da takalman roba na aiki waɗanda suka fashe tun kafin a haifi autarsu. Wannan hali ya bi shi cikin laftof. Ma'ajiyarta irin ta da ce, had-disk, wato faifai mai juyawa a ciki, kuma babba ce ƙwarai. Duk wanda ya zo da waya, kafin Labaran ya zuba masa abu sai ya duba ko akwai abin kwasa. A haka ya tara tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da waƙoƙin Zabarmanci saboda masu gadi 'yan Nijar, da waƙoƙin coci saboda mutanen Filato da kudancin Kaduna, da dambe, da kokawa, da bidiyon bikin duk ma'aikacin da ya taɓa yin aure ko suna ya kawo a raba wa abokai. Bai taɓa goge ko ɗaya ba.

Matsalar ita ce nawa. In ya danna makunni da safe, sai ya tashi ya gaisa da mai caji, ya tsallaka wurin mai shayi, ya sha, ya tambayi lafiyar iyali, ya dawo ya tarar tana nan tana shiri. Ma'aikata suka sa mata suna Hajiya, wai ba a gaggauta ta, sai ta kimtsa take fitowa. Da yamma in an tashi daga aiki, layi yakan yi tsawo, motar kamfani na ta hon, mutum ya fizge wayarsa daga igiya ya ruga, ya isa gida ya tarar fim ya yanke daidai inda za a gane wanda ya yi kisan. Washegari ya dawo da faɗa. Labaran ba ya ɗaga murya. Cewa yake Hajiya kaya gare ta, mai kaya kuwa ba ya gudu.

Ana haka wani matashi mai suna Musbahu ya kafa nasa tebur a tsallaken titi, da wata siririyar laftof mai launin azurfa. Yana buɗe ta take tashi, kuma yana jona wayoyi da yawa a lokaci guda ba ta numfashi. Samarin kamfani suka koma can. Labaran ya ce shi abin bai dame shi ba, kowa da rabonsa. Saudat dai ta lura ya fara dawowa gida rana ba ta faɗi ba, kuma yana rage tuwo.

Wata Asabar ya naɗe Hajiya a jaka ya tafi kasuwar 'yan waya wurin Uba, mai gyaran da ya sayar masa da ita. Uba ya saurare shi, ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani abu da bai fi biskit girma ba. Ya ce sunansa SSD, shi ne a cikin ta Musbahu. Ba abin da ke juyawa a ciki, ba allura mai bin faifai tana neman abu, shi ya sa yake tashi nan take, kuma ko an jijjiga shi ba ruwansa. Labaran ya juya shi a tafin hannu, ya tambaya ko zai ɗauke duk kayansa.

"Malam, wanda aljihunka zai iya, ko kwatan kayanka ba zai ci ba," in ji Uba. "Akwai babba, amma sai ka haɗa da laftof ɗin da teburin ka sayar. Ka zaɓa, ko wuri ko sauri."

Uba ya ƙara da cewa shi ma saurin yana da iyaka, domin tsohuwar waya da ruɓaɓɓiyar igiya ba su san an canza komai ba. Labaran bai ji wannan ba, hankalinsa na tsallaken titi. Ya ce a sa. Uba ya cire tsohon faifan, ya saka shi a wani ɗan gida na roba mai igiya, yadda za a iya jona shi daga waje, ya gargaɗe shi kada ya faɗi, kada kuma a motsa shi yana cikin juyawa. Labaran ya tuna ramukan hanyar Panshekara da yadda adaidaita sahu ke dira a cikinsu. Yana isa gida ya naɗe faifan a tsohon zanen Saudat, ya sa a ƙasan akwati, ya ce ba zai sake hawa titi ba.

Kwana da kwanaki ya yi yana zaɓen abin da zai shiga sabuwar ma'ajiya. Ya ɗauki wannan, ya ajiye, ya sake ɗauka. A ƙarshe ya cika ta da sababbin fina-finai da waƙoƙin da samari ke yayi, wato daidai abin da ke wurin Musbahu. Aka wayi gari da Musbahu biyu a bakin titi ɗaya, ɗaya da furfura a gemu.

Ranar farko ya danna makunni, ya yunƙura zai tafi wurin mai shayi, sai ya ga har ta gama tashi tana jiransa. Ya koma ya zauna, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Samari suka tsallako ganin abin mamaki, aka yi ta dariya ana cewa Hajiya ta sha maganin ƙarfi. Na 'yan kwanaki layi ya dawo, kuma ba wanda mota ta bari. Daga nan sai layin ya fara raguwa, ba don Musbahu ba. Lokaci ne ya zo da mutum ɗaya zai sauke fim da datarsa, a lokacin hutun cin abinci ya tura wa sashensu gaba ɗaya, waya zuwa waya. Kafin damina Musbahu da kansa ya naɗe siririyar laftof ɗinsa ya koma sana'ar cire kuɗi da na'ura.

Waɗanda suka rage wa Labaran su ne mutanensa na da, masu ƙananan wayoyi da dogon tunani. Mai gadi ya zo neman waƙar garinsu ta can bayan Dosso, Labaran ya ce tana gida. Dattijo ya zo neman tafsirin wani malami da yake ji tun yana yaro, Labaran ya ce yana gida, a dawo gobe. Da yamma sai ya buɗe akwati, ya warware zane, ya jona faifai, ya kwafo abin da aka nema. Da yake sabuwar ma'ajiya a cike take, dole sai ya goge wani abu kafin wani ya shiga. Mutumin da bai taɓa goge komai ba ya zama kullum sai ya goge, yana yi yana tsaki kamar ana cire masa haƙori. Abokan cinikin da a da suke jira a kan benci su tafi da abinsu, yanzu kwana suke jira, tun da na'ura ta yi sauri.

Cikin wannan hali Asibi ta zo. Ita mai abinci ce a ƙofar wani kamfanin roba a Sharada, matar Bitrus, mutumin Filato da suka yi aikin jiƙa fata tare da Labaran, kafaɗa da kafaɗa. Bitrus ya rasu bara bayan doguwar jinya. Ta gaishe shi, ta zauna a bakin benci, ta ce 'yarsu Salama za ta yi aure, kuma yarinyar ta dage tana son a nuna babanta a majigi ranar biki, yana motsi yana magana, ba hoto kawai ba. Wayar marigayin ta lalace tun yana asibiti. An ce mata ba abin da babu a wurin Malam Labaran.

"Maman Salama, in dai an taɓa ɗaukarsa, yana nan," in ji Labaran. "Sai dai yana gida."

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Panshekara. Saudat ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta kawo ruwa da zoɓo. Labaran ya ɗora faifan a kan matashi, ya jona, ya ce kowa ya zauna lafiya kada a girgiza ƙasa. Ɗan fitilarsa ya yi ta ƙyaftawa, ana jin faifan na juyawa yana ɗan ƙas-ƙas. Da ya buɗe kuma sai aka shiga wani aikin, domin Labaran ya iya tarawa amma bai iya jerawa ba. Sunayen da ya ba wuraren ajiyar su ne Sabo, da Sabo Na Biyu, da Kar A Taɓa, da Na Mutane. Suka wuce bikin mutanen da sun daɗe da rabuwa, da sunan yaran da yanzu suke tuƙa adaidaita sahu. Saudat da Asibi suka manta abin da ake nema, suna ta nuna wance da wance suna cewa ashe ta taɓa zama siririya.

Bayan la'asar aka same shi, a bikin auren Abdulbaqi, shugaban sashensu. Ga Bitrus a tsakiyar fili cikin shuɗiyar riga, da tawul a wuya, yana rawa yana durƙusawa har gwiwarsa na taɓa ƙasa, yana miƙewa kamar an sa masa wayar ƙarfe a baya. Can ya karɓi lasifika ya yi wa ango nasiha, ya ce namiji na gari ba ya ɓoye wa matarsa komai. Jama'a suka yi tafi.

Asibi ta kalla har ƙarshe. Ta ce a mayar baya. Aka mayar. Ta matso, ta sa yatsa a kan kwanan watan da mai ɗauka ya bari a kusurwar hoton, ta tambaya ko daidai yake. Labaran ya ce daidai ne, ranar Lahadi aka yi, shi ma yana wurin.

"Ranar godiyar kaka ce a cocinmu," in ji ta. "Ce min ya yi manaja ya tilasta musu aiki. Ya dawo yana nishi wai bayansa, na dafa ruwa na gasa masa. Malam Labaran, shekara da shekaru ina yi wa manajan nan Allah ya isa."

Saudat ta rufe baki da mayafi. Asibi ta fara dariya, ta yi ta yi har ta dafa ƙasa, daga nan dariyar ta juye ta zama kuka, suka bar ta ta yi ya ishe ta. Labaran ya ce yana iya yanke wurin nasihar, ya rufe kwanan watan. Ta ce kada ya taɓa komai, haka za a nuna shi.

Haka kuwa aka nuna, kuma waɗanda suka je bikin suka baza labari daga Sharada har Bompai. Tun daga nan Asabar ta zama ranar kasuwar Labaran. Mutane na zuwa Panshekara neman uba ko ɗan'uwa ko tsohon aboki a cikin bukukuwan wasu, su zauna a tabarma har a samu, ba mai ƙorafin jira. Uba ya leƙo wata Asabar, ya ji ƙas-ƙas ɗin faifan ya ce kwanansa ya kusa, a yi maza a kwafe. Yanzu Labaran tara kuɗi yake don ya sayi wani faifan irin na da, babba, mai juyawa.

Ita kuwa Asibi, abin bai bar ta ta huta ba. Ta yi cigiya har ta gano tsohon manajan ya yi ritaya yana zaune a Hotoro. Ta dafa shinkafa da miyar kaza, ta zuba a kula, ta je ta same shi a ƙofar gida yana sauraron rediyo, ta durƙusa ta ba shi labari tun daga farko, ta nemi gafara. Dattijon ya rage ƙarar rediyo. Ya ce gaskiya bai tuna wani Bitrus ba, kuma ya sha sa mutane aiki ranar Lahadi, don haka ba lallai ne addu'ar tata ta tafi a banza ba. Ya ce ya yafe, ya karɓi kular, ya tambaye ta ko akwai yaji.