Sunan da Na Faɗa wa Alƙalan Ingila

Shekarun baya, damina biyu bayan rasuwar Malam maigidana, a shekarar da aka buɗe masallatai bayan kullen korona, saura ƙiris bakina ya jawo a dawo da ɗan farina Kano a kashe shi. Auta ce take rubuta muku, ni ban shiga aji ba, amma ko wasali ba ta isa ta ƙara mini ba.

Fataucin ƙirgi yake yi, wato fatar shanu, yana sarowa daga gabas. A wata tafiya 'yan bindiga suka tare motarsu, suka shige da su daji. Allah ya kuɓutar da shi, ya je ya nuna wa hukuma biyu daga cikinsu da ya gane a kasuwa. Tun daga nan muka rasa sukuni. Ranar wata Juma'a wasu mutum uku suka yi sallama a zaurenmu na Jakara, na leƙa ta labule, ɗaya ya ce, "Baba, ki gaya masa mun san ƙofa." Yana da bizar kai fata Ingila, sai ya tafi, ya nemi mafaka.

Wata rana auta ta miƙo mini waya, ta ce lauyarsa ce da tafinta, suna son shaidata. Na ba su labarin zaure tiryan-tiryan, har kalar hular mai maganar. Sai tafinta ya ce, "Hajiya, mene ne sunan ɗan naki?"

Na ce, "Wane ɗa?"

"Wanda muke magana a kansa."

Na ce, "Wannan ai ɗan Hajiya ne ta Goron Dutse. Ku tambaye ta."

Yaran yanzu, bari in fahimtar da ku. Mu a gidan da na tashi, mace ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta ce nata ne a gaban mutane. Ana yaye shi goggonsa, yayar Malam, wato Hajiyar Goron Dutse, ta ɗauke shi. Ita yake ce wa Inna, ni kuwa Yaya. Ni a ganina na amsa wa baƙo amsar 'yar mutunci. Har daɗi na ji da na ajiye wayar.

Ashe abin da na faɗa haka aka rubuta, haka aka miƙa. Shi kuma a tasa hirar ya ce mahaifiyarsa tana Jakara, can gaba ya ce Innarsa tana Goron Dutse. Hukumar can ta ce labarin ƙarya ne: matar da aka ce uwarsa ce ba ta san sunansa ba, ta ma ce ba ɗanta ba ne, to wa zai yarda da zancen zaurenta? Aka hana shi. Aka je kotu, ya faɗi. Lauya ta rubuta musu bayanin alkunya, suka ce gyaran zance ne. Ta roƙi wani babban alƙali ya duba ko an bi hanya wajen yanke hukuncin, shi kuma ya karanta takardu a ofis, ya ƙi ko da buɗe zancen. Suka ɗauke shi suka kai gidan da ake tsare waɗanda za a koro.

Ranar da labarin ya zo ina tankaɗe. Auta ta shigo ko sallama babu.

"Umma, sun sa masa ranar jirgi."

Rariyar ta suɓuce mini. A satin nan kuma mai shagon bakin layi ya aiko cewa ya ga wani baƙo yana ta kallon ƙofarmu.

Lauya ta ce saura ƙofa ɗaya, kuma kwanakinta kaɗan ne: a ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke sama da alƙalin da ya ƙi. Ta ce su can ba sa sake jin labari daga tushe, abin da suke tambaya shi ne ko akwai abin da na ƙasa ya tsallake bai auna ba. Ita za ta ce an tsallake al'adarmu. Amma sai in na rantse a gaban mai rantsarwa, an ɗauke ni a bidiyo, na faɗi sunansa da bakina, na ce ni na haife shi.

Na ce, "Auta ta faɗa, in gyaɗa kai."

Tafinta ya ce ba a karɓar gyaɗa kai.

"To in faɗi sunan da mata suke kiransa da shi."

"Na yanka suke so, Hajiya."

Kada ku ɗauka taurin kai ne. Na shiga ɗaki ni kaɗai na gwada, wallahi harshena ya ƙi juyawa, kamar an ce in fita titi ba zani.

Da safe muka tafi wajen mai rantsarwa da auta. Muna isa sai ga goggonsa an sauke ta daga adaidaita, da sandarta, matar da ta yi shekara ba ta taka ƙofar gida ba. Ashe labari ya kai mata. Duk duniya ita ce wadda na fi jin nauyinta a wannan magana.

Na yi alwala, na dafa Alƙur'ani. Aka kafa waya a gabana, ga lauya a ciki, Baturiya ce siririya, idonta duk ya faɗa. Mai rantsarwa ya ce, "Bismillah, Hajiya. Sunan ɗanki."

Ina jin fanka tana juyawa. Ya duba agogo, ya ce akwai mutane a layi. Auta ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito.

Sai goggonsa ta buga sanda a ƙasa.

"Ke 'yar Jakara, uwar iyayi! Ni na goya shi, amma ni na yi naƙudarsa? Kunyar nan tamu ce, mu dangin uba kike yi wa ita. Ƙanena ya tafi, ni na rage, kuma na yafe. In kika bari aka kawo mini gawarsa, har lahira ba ni ba ke."

Ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe kanta, ta toshe kunnuwa da yatsu.

Na faɗa. Sunansa, da na ubansa, da ɗakin da na haife shi, da ungozomar da ta yanke cibiya. Na ce nawa ne, ni na haife shi. Muryar da ta fito ban san ta ba.

Daga nan sai jira. Kullum in auta ta shigo, fuskarta nake fara dubawa. Jirgi na gab da tashi aka ce an dakatar, alƙalai sun yarda su saurara. Da suka zauna suka ce na ƙasa bai auna abin da ya kamata ya auna ba, a koma a sake dubawa. Sai da wata damina ta wuce kafin a ba shi takardar zama.

Har yau ban ce alkunya aibi ce ba, da ita aka raine ni, da ita za a binne ni. Abin da na gane shi ne, ita ado ce a gaban wanda ya san ta. Wanda bai san ta ba, abin da kunnensa ya ji shi yake rubutawa.

Goggonsa ta rasu azumin da ya biyo baya, ba su sake ganawa ba. Mai shago ma ya riga mu. Saura ni da auta, da lauya da take aiko gaisuwa duk sallah, da shi, yana can yana ɗinkin jakunkuna. Bara yake gaya wa auta cewa lauya ta nuna masa bidiyon tun yana tsare, kuma tun da aka haife shi ranar ya fara jin sunansa a bakina. Ya ce a tambaye ni ko zan sake faɗa, ko sau ɗaya, a waya.

Na ce ta gaya wa ɗan Hajiya ya ci abinci, an ce ya rame.