Dermot Quilliam da Injin da Ya Zaɓar Mini

Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina bakin ruwan Kettering ina yi wa sabon jirgina fenti, matarka Noelene ta kira ni ta ce ka cika, Dermot. Shekararka saba'in da huɗu. Na ajiye burushin na zauna a kan bokiti.

Kowa ya san tebur biyu ne a ƙungiyar masu jiragen ruwa ta garinmu: namu, masu jiragen ƙyalle da iska ke turawa, da naku, masu inji. Shekara talatin muna jifan juna da magana. Kai ka raɗa mini Mai Shanya, wai ƙyallen jirgina zanen gadon matata ne na sato. Ni kuma na sa maka Sarkin Hayaƙi. In ka gan ni a ruwa sai ka matso da gangan, igiyar ruwanka ta kifar mini da shayi, ka ɗaga hula ka ce, "Sannu da jiran iska, Neville. In ta zo ka gaishe ta."

Amma ranar da iska ta ɗauke mini kusa da duwatsun tsibirin Bruny, ruwa yana jan mu kansu ni da marigayiya matata Gwen, kai ka fara isowa. Ka yanke zaren kifin da kake ja, ka jefo mana igiya. Na shirya shan gori har in mutu, sai ga shi ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. Da na tambaye ka dalili, cewa ka yi, "Tsiyar tebur ba ta shiga ruwa, mutumina."

Bara kafaɗuna suka ƙi. Likita ya ce ni da jan igiyar ƙyalle mun rabu. Na sayar da jirgina, na kulle kaina a gida. 'Yata Imogen ta samo mini ɗaki kusa da ita a Melbourne, hawa na tara, har na fara ɗaure kaya. Kai ka zo ka buga ƙofa, ka kai ni rumfar wani maƙerin jirage a Cygnet, ka nuna mini sabon jirgin katako wanda ba a sa wa inji ba tukuna.

Na saye shi, amma da haushi. Na ce tunda zan zama ɗan hayaƙi, a rataya mini babban injin fetur a baya, mai ƙarfin doki ɗari biyu. Ka dube ni ka ce, "Kai da ka tsufa kana tafiyar hawainiya, ina za ka da doki ɗari biyu? Ka kashe kanka, ka ɓata mana suna."

Mako uku kana yawo da ni muna duba injuna. Kana kafa sukuddireba a jikin inji, ka kara kunne a kan ƙotarta kamar mai sauraron zuciyar majinyaci. Daga ƙarshe ka tsaya a kan ƙaramin injin dizal mai ƙarfin doki talatin, wanda ake girkawa a cikin jirgi. Ba ya gudu, ba ya shan mai, da maɓalli yake tashi. Ka sa aka sauko da duk abin da zan riƙa dubawa zuwa inda hannuna zai kai ba tare da na ɗaga kafaɗa ba. Sannan ka bi akwatinsa ka lulluɓe da soso mai kauri. Na ce wannan kuma na mene ne? Ka ce, "Don ka riƙa jin ruwa yana taɓa katako. Na san shi kuke nema, ba iskar ba."

Ban san ciwon daji yana cin ka ba. Sai jiya Noelene ta gaya mini cewa daga asibiti kake wucewa rumfar, kuma ka hana ta faɗa, wai kada Mai Shanya ya ji tausayinka ya yarda da zaɓinka ba gardama. Ƙarshen Fabrairu ka ɗaure ƙusar ƙarshe ta injin.

Shekaranjiya na tayar da injin a kan tudu, ya kama a bugu ɗaya. Na gaya wa Imogen ta saki ɗakin nan. Ranar Asabar za mu sa jirgin a ruwa, kuma Noelene ta ce ita ce fasinja ta farko, da sharaɗin in kai ta inda kuke kamun kifi.

Allah ya jiƙanka, Dermot, ya yafe kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi a ɓoye. Ga Noelene, da 'ya'yanku Fergus da Bridie, da jikokinku, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Yadda ka isa wurin mutane a lokacin da ruwa ya fi ƙarfinsu, Allah ya sa rahamarsa ta iso gare ka.