Sunan da na rubuta a kwamfutar Malam

Ban yafe wa waɗanda suka ƙera abin neman nan na cikin kwamfuta ba. Abu ya ce maka ya samo, amma ya ƙi miƙo maka.

Malam, mijina, ya yi shekaru yana koyarwa a wata makarantar Arabiyya a Asokore Mampong. Suka ba shi kwamfuta, ya riƙa ɗaukar muryar ɗalibai in suna karatu. Har ta 'yarmu ta fari ya ɗauka, ranar saukarta. Ta riga shi rasuwa da shekara biyu, wajen haihuwa. Bayan arba'in ɗinsa makaranta ta aiko, da ladabi dai, cewa ran Asabar za su karɓi kayansu, su goge komai, sabon malami na jira.

Muryar nan kaɗai nake so. Amma Malam ya yi ajiya irin ta tsohuwa mai ƙullin zani: jaka cikin jaka cikin jaka, ba a san inda aka fara ba.

Ƙanwata, autarmu, aikinta ke nan, rubuta wa kwamfuta umarni a wani ofis a Kwadaso. Ta biyo gidanmu a Aboabo ran Laraba da la'asar, tana sauri. Ta ce akwai wani rumbu da masu aikinsu ke ɗiban abin da wasu suka riga suka rubuta, a ciki akwai mai bin jakunkuna yana neman suna. Ta haɗa shi, ta turo mini kwamfutar, ta ce in sa sunan.

Ban taɓa kiran sunan yarinyar nan da bakina ba. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar Malam aka sa mata. Ina da shekara arba'in da ɗoriya na shiga ajin manya, kullum bayan na sauke tukunyar waake, shinkafa da waken da nake dafawa, kuma ko a littafin aji ban taɓa rubuta shi ba. Ran Larabar nan na rubuta, da yatsa ɗaya.

Rubutu ya zubo kamar an ɓalle famfo. Ashe rabin 'yan matan makarantar sunansu ke nan. Kowane layi dogo, ya wuce bakin allon, ka taɓa ba ya buɗewa. Sai ka kwafe shi harafi harafi, ka je ka bi hanyar da kanka.

Ƙanwata ta ce ai ya yi aiki, sakamakon yana nan.

Na ce, “Yana ina? In na aike ki kasuwa kika dawo kika ce kin ga nama, na ci?”

Ta ce, “Yaya, haka suka rubuta shi. Yana nunawa ne kawai.” Ta ce gyaran ba wuya, a jera su da lamba, a danna a ji, amma sai ta samu lokaci. Ta tafi.

Na kwafi layi bakwai kafin magariba. Huɗu na ɓata. Ukun da suka buɗe, 'ya'yan wasu ne. Na saurare su har ƙarshe, don ban iya katse yaro yana karatu ba.

Da safe ban ɗora tukunya ba. Na naɗe kwamfutar a ɗankwalin da yarinyar ta bari, na hau torotoro, motar haya, zuwa Kwadaso. Na ce wa mai gadi ya gaya wa ƙanwata yayarta na bakin ƙofa, kuma da tabarmarta ta zo, ba inda za ta sai an gyara.