Dutsen Kaka a Akwatin Kifi

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mu 'yan Kebbi ne, aka mayar da malamin kifin da ke maƙwabtaka da mu a Wara zuwa Yelwa. Cikin kayansa akwai akwatin gilashi na kiwon kifi, tsawonsa bai fi kamu biyu ba. Direba ya ce ba da shi ba a wannan hanya, sai malamin ya bar wa Baba. Inna ta ce ta ga ikon Allah, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana raba kifi da ruwa, yau shi ne mai ɗebo wa kifi ruwa.

Lokacin ina koyarwa a firamare, ban yi aure ba. Baba kuwa ciwon gwiwa ya riga ya raba shi da jirgi da taru. Ya sa karfasa biyu a akwatin, ya ajiye shi a inuwar rumfa, nan yake wuni.

A shekarar ruwan tafki ya ja baya sosai, har kututturen tsamiyar tsohon garinsu ya fito. Garin nan tafkin ya cinye shi da aka datse kogi, tun kafin a haife ni, da gidansu da kabarin mahaifiyarsa. Baba ya sa aka tuƙa shi can, ya auna taku daga tsamiyar zuwa inda madafin Kaka yake, ya lalubo ɗan dutsen niƙa daga cikin laka. Ya dawo da shi naɗe a rawaninsa, gansakuka ta rufe shi ruf, ya sa shi a tsakiyar akwatin.

Inna ta ce dutse dai dutse ne, kowane gida a garin yana da irinsa. Baba ya ce na Kaka yana da shaida, zane uku da ya yi da ƙusa yana yaro, har ya sha muciya a kansu. Inna ta ce to a kankare a gani mana. Sai ya tashi ya kama alwala, alhali azahar da sauran nisa. Tun daga ranar na gane tsoro yake ji, kada a kankare a tarar ba shi ba ne.

Ba a jima ba karfasar ta zuba ƙwai a kan dutsen, reras. Baba ya yi murnar da ban taɓa ganin ya yi ba. Kafin kwana biyu ƙwai sun yi fari, sun ƙare. Ta sake zubawa, aka sake rasa su. Wata safiya ina shirin makaranta na ga wasu abubuwa a jikin gilashin, falan-falan, launin ƙasa, kamar ƙwayar shinkafar da aka latse da yatsa. Ba sa lanƙwasa irin na matsattsaku, sulalewa kawai suke yi, kansu kamar tsinin kibiya. Na ɗaga gefen dutsen, sai ga su jingim a ƙarƙashi.

Baba ya ɗauko reza ya dinga bin su yana rabawa biyu, yana yi musu faɗa. Bayan mako biyu sun ninka. Garin gyaran gira dai.

Ranar Asabar na ɗebi kaɗan a kwalbar magani na shiga mota zuwa Yelwa. Malamin kifin ya ɗaga kwalbar a haske, ya yi dariya da na ba shi labarin reza. Ya ce wannan tsutsa in aka yanka ta, kowane ɓari yakan zama cikakkiya. Ya nuna mini littafinsa mai hotunan akwatunan ruwan teku da duwatsu masu launi, ya ce har masu waɗannan suna fama da danginta, kuma yawanci a jikin dutse ko ciyawa take shigowa. Ya tambaye ni me Baba ke ba kifin. Na ce dusa da ragowar tuwo, safe da rana da yamma, don a wurinsa baƙonka annabinka. Malamin ya ce ashe tsutsa muke kiwo. A rage abinci, a tace ruwa da ƙyalle, a sa ɗan guntun hanta a kwalba mai ƙaramin baki su shiga a zubar. Amma uwar maganin, a fitar da dutsen, a kwara masa tafasasshen ruwa da gishiri, a goge shi tas, a shanya.

Baba ya yarda da komai ban da na ƙarshen. Muka yi ta kama tsutsa da hanta, suna raguwa suna dawowa. Karo na uku da ƙwai suka lalace, karfasar ta yi ta kewaya dutsen tana fifita wurin da babu komai. Baba ya daɗe yana kallonta. Sannan ya naɗe hannun riga ya ciro dutsen, ya ce wa Inna, “Ɗora ruwa.”

Shi ya goge da kansa, da soso da toka. Gansakuka ta fita, dutsen ya fito sumul. Ya juya shi gaba da baya, ya kai shi rana, ya bi kowane gefe da farce. Babu zane ko ɗaya.

Na jira Inna ta yi tsiyar da ta saba. Sai kawai ta kama share wurin da ta riga ta share.

“Na maƙwabciyarmu na,” in ji Baba a hankali. “Kakarku ta sha aro nai.”

Bayan kwana uku a rana ya mayar da shi ruwa. A wannan karon ƙwai suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan kifi suka cika akwatin kamar tsaki. Da suka yi ƙwari ya sa na raka shi bakin tafki, ya sake su ta wajen tsohon garin. Ruwa bai ƙara ja baya har ya nuna tsamiyar ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Akwatin ya fashe tuni, dutsen kuwa yana wurina, kuma a gidana dutsen Kaka ake ce masa. Ina kewar Baba, ina kewar garin da ban taɓa gani ba. Na san sarai babu komai a jikin dutsen nan, amma duk sanda na ɗauke shi don shara, sai na tsinci farcena yana bin gefensa.